Imel ɗin da ya ce za a rufe asusuna, da saƙonnin "ki tura wa kowa": yaya zan gane na ƙarya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce. Muna da kwamfuta guda ɗaya a gida, da ni da maigida da yara duk ita muke amfani da ita. Kwanan nan imel ya shigo mini da tambarin bankina, wai BVN ɗina ya samu matsala, in latsa wani wuri in gyara cikin awa 24 ko a rufe mini asusu. Ban latsa ba, amma har yanzu hankalina bai kwanta ba. Ga kuma wata gwaggona, kusan kullum sai ta turo mana gargaɗi, yau wai sabuwar cutar kwamfuta, gobe wai lambar da ba a ɗauka. Yaya mutum zai rarrabe gaskiya da ƙarya, kuma me ya kamata mu riƙa kiyayewa a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kin yi daidai da ba ki latsa ba. Ki share shi, ki kwantar da hankalinki. BVN lamba ce mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 2014, an haɗa ta da zanen yatsunki da hotonki. Ba ta da wa'adi irin na katin ATM, balle a ce ta ƙare. Idan akwai gyara a kanta, kamar kuskuren suna ko ranar haihuwa, cikin banki ake shiga da takardu a cike fom. Karanta imel ɗin da kika yi bai jawo miki komai ba. Tarkon yana can bayan latsawar, inda za su nuna miki shafi sak na bankinki, su ce ki zuba lambar katinki da lambar sirri.

Abin da nake yawan gaya wa mutane shi ne su daina auna saƙo da kamanninsa. Tambarin banki kowa na iya kwafo shi daga intanet cikin minti ɗaya. A da mukan ce a lura da gurɓataccen Turanci, amma wannan ma'aunin ya tsufa, don yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira na rubuta wa ɗan damfara wasiƙa tsaf, har da Hausa in ya so. Abin da ba zai iya ɓoyewa ba shi ne buƙatarsa. Komai tsawon saƙon, dole ya zo wurin da zai ce ki yi wani abu: ki turo kuɗi, ko ki faɗi wani sirri, ko ki buɗe wani fayil, ko ki watsa shi ga wasu. Ki tsallake gaisuwa da ado ki nemo wannan layin. Sai ki duba ko an haɗa shi da gaggawa. Awa 24 ɗin nan da suka ba ki ba don komai ba ne sai don kada ki samu sararin tambayar wani.

Bari in ɗan daɗe a kan adireshi, don nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Imel kamar ambulan ne, mai aikawa shi ke rubuta sunan da ya ga dama a baya, gidan waya ba ya tambayarsa shaida. Sunan da kike gani da manyan baƙaƙe a saman saƙo, shi mai turowa ya zaɓa wa kansa. A waya ma sau da yawa sunan kawai ake nunawa, adireshin na ɓoye. Ki taɓa sunan, ainihin adireshin zai fito. Sai ki kalli abin da ya biyo bayan alamar @. Bankin da ke da rassa a faɗin ƙasa ba zai rubuto miki daga gmail.com ko yahoo.com ba. Hukumomin gwamnatin Najeriya kuwa, na su adireshin yakan ƙare da gov.ng. Ki kuma lura da baƙaƙen da kyau, domin akan haɗa r da n su yi kama da m, sai ki ga rnicrosoft kina karanta microsoft, ko a sa sifiri a gurbin harafin o. Ko da adireshin ya yi daidai, bai zama hujja ba tukuna, saboda akan yi jabunsa, akan kuma yi kutse a akwatin mutumin kirki a riƙa turo saƙo da sunansa.

Shi kuma mahaɗin da aka ce ki latsa, rubutun da ke samansa daban, inda zai kai ki daban. A kwamfuta ki ɗora kibiyar a kansa ba tare da kin latsa ba, adireshin gaskiya zai bayyana a ƙasan allo. A waya ki danne shi na ɗan lokaci har ya nuna. Ga yadda ake karanta shi: ki nemo layin karkace na farko da ya biyo bayan sunan, wato wannan alamar /, sai ki karanto baya. Abin da ke manne da ita ta hagu shi ne mai gidan. Idan kika ga accounts.google.com/ to gidan Google ne. Idan kuwa kika ga google.com.tabbatar-asusu.xyz/ to mai gidan shi ne tabbatar-asusu.xyz, sunan Google an rataya shi ne a gaba don ido. Wannan dabarar kaɗai, in kika koya wa yaranki, kin raba su da rabin tarkon da ke yawo. Kada kuma ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofar nan da ke gefen adireshi da https su ruɗe ki. Abin da suke nufi kawai shi ne babu mai leƙen abin da ke tsakaninki da shafin a hanya. Shafin ɓarawo ma yana samun su, kyauta ma kuwa. Saboda yawan ruɗin da kwaɗon ke jawowa ne ma manhajar shiga intanet ta Chrome ta sauya hotonsa a 2023.

Amma gaskiyar magana, ba na son ki mai da kanki mai binciken adireshi kullum. Akwai hanya mafi sauƙi. Duk saƙon da ya taɓa kuɗi ko asusu, kada ki bi ƙofar da ya buɗe miki. Ki rufe shi, ki buɗe manhajar bankinki da kanki, ko ki kira lambar da ke bayan katinki, ko ki taka zuwa reshe. In matsalar gaskiya ce za ki tarar da ita a can. Lambar wayar da aka sa cikin saƙon kuwa, ta su ce, mai ɗauka zai amsa miki da ladabi irin na ma'aikacin banki.

Lambar OTP, wato wadda banki ke turo miki ta waya don tabbatar da fitar kuɗi, da lambar sirrin kati da alƙaluma ukun nan na bayan kati, ba a faɗa wa kowa su, ko da ma'aikacin banki ne na gaske, don shi ba ya buƙatarsu. Haka lambar nan mai alƙaluma shida da WhatsApp ke turowa. Wani zai kira ki ya ambaci sunan zaurenku na makaranta ko na ƙungiya, ya ce za a yi taro ta intanet da yamma, an turo miki lambar shiga, ki karanto masa. Kina karantowa ya ɗauke WhatsApp ɗinki zuwa wayarsa, ya shiga bin 'yan'uwanki yana roƙon rance da sunanki. Maganin wannan yana cikin saitin manhajar, wurin tabbatarwa mai mataki biyu. Ki sa lambar sirrinki a can yau ɗin nan, ki sa wa maigida.

Na 'yan 419 kuwa, wato gadon wani attajiri da ya mutu ba magaji, ko cacar da kika ci ba ki shiga ba, ko kwangilar da ke neman asusun da za a zuba kuɗi, duk tafiyarsu ɗaya ce: dukiya mai yawa na jiranki, amma sai kin fara biyan ɗan kuɗin takarda. Kin biya, sai na lauya ya taso, sai na kwastan. Kada ki ɗauka sai marar ilimi suke kamawa. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude da abokansa sun karɓe dala miliyan 242 ta hannun wani babban jami'in bankin Noroeste na ƙasar Brazil, da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, filin da babu shi. Sai a 2005 EFCC ta kai ga samun hukunci a kansu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin da ya fi cin matasanmu yanzu shi ne na ɗaukar aiki da tallafi: an buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, gwamnati na raba jari, ki cike fom ki tura wa zaure biyar kafin a ba ki. Hukumar da za ta ɗauki ma'aikata ba ta sharɗanta sai kin yi mata talla a WhatsApp.

Akwai wani da nake so ki sani tun kafin ya zo, don yana firgita mutane ƙwarai, kuma kunya kan hana su faɗa. Ya yi yawa tun daga 2018. Saƙo ne zai zo da wata tsohuwar kalmar sirrinki ta gaske a rubuce, ya ce ya shiga kwamfutarki, ya ɗauke ki bidiyo ta kyamara, in ba ki biya da kuɗin intanet na Bitcoin ba zai tura wa danginki. Babu bidiyon komai. Kalmar sirrin ya samo ta ne cikin bayanan da aka taɓa sacewa daga wani kamfani. Yahoo kaɗai ta amsa cewa kutsen da aka yi mata a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma mu nan da yawa da Yahoo muka fara imel. Ba a biya, ba a ba da amsa. Idan har kina amfani da waccan kalmar a wani wuri, ki canza ta, shi ke nan.

To, mu zo kan Gwaggo. Nata saƙonnin ba kuɗi suke nema ba, yaɗuwa suke nema, kuma sun girmi WhatsApp nesa ba kusa ba. Tun 1994 aka yi ta yawo da gargaɗin wata cuta wai ita Good Times, cewa duk wanda ya buɗe imel mai wannan kan magana kwamfutarsa ta gama yawo. Babu cutar, gargaɗin ne kawai ya yi shekaru yana zagaya duniya. A 1997 aka fito da na Bill Gates, wai zai biya duk wanda ya tura saƙon gaba. Wanda ya fi wayo shi ne na 2002. Ya ce ka bincika kwamfutarka, in ka ga fayil mai suna jdbgmgr.exe da hoton 'yar tsanar beyar, to cuta ce, ka goge shi maza ka sanar da duk wanda ka sani. Kowa ya duba sai ya gan shi, don fayil ne na Windows ɗin kanta a wancan zamani. Mutane suka yi ta goge abin da ba ruwansa da hannunsu, suna godiya ga wanda ya turo. Ki lura da dabarar: an ba mutum wani abu na gaskiya da zai gani da idonsa, sai ya gaskata sauran.

Na lambar da ba a ɗauka ma tsohon zance ne. A 2011 an yi ta cewa duk wanda ya amsa kiran 09141 zai mutu, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ce wannan ba abu ne mai yiwuwa ba. Mutane kan ce, to mene ne a ciki, in ƙarya ce ai ba a rasa komai ba. An rasa. A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya shigo Legas da cutar Ebola, aka tashi mutane cikin dare da kira da saƙonni cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Duk wanda ya kai munzali a lokacin yana tuna daren. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu a Najeriya sanadin shan ruwan gishirin, ban da waɗanda aka kwantar a asibiti. Waɗanda suka yi ta turawa ba mugaye ba ne, iyaye ne da 'yan'uwa masu son su tsirar da nasu.

Alamominsu ba su da wuyar ganewa in an saba. Ba sa ɗauke da kwanan wata, sai "jiya" ko "yau da safe", shi ya sa saƙo ɗaya zai yi shekara goma yana dawowa sabo. Sukan jingina maganar ga babban suna, BBC ta sanar, likitoci sun tabbatar, Microsoft ta yi gargaɗi, amma ba za a nuna miki inda aka faɗa ba. Sannan a rufe da roƙo ko barazana, don Allah kada ki bar shi a wayarki. Mu nan an fi kama mu ta wajen addini. Kin san takardar nan ta wasiyyar Shehu Ahmad, wai mai hidimar masallacin Annabi (SAW) a Madina, da ta yi alƙawarin arziki ga wanda ya yaɗa ta da musiba ga wanda ya ƙi. Tun ana buga ta a takarda ana rabawa a ƙofar masallaci, ta koma imel, ta koma waya. Malamai sun daɗe da ƙaryata ta, Sheikh Bin Baz ma ya yi rubutu musamman a kan cewa ƙirƙirarriya ce, amma har gobe tana yawo.

Tantancewa ba ta cin minti biyu. Ki kwafi jimla ɗaya daga cikin saƙon ki zuba a Google, sau da yawa za ki tarar an daɗe da tona shi. Akwai masu wannan aikin takanas, irin su Dubawa da Africa Check, da Snopes ga na ƙasashen waje. In an ce wata kafa ce ta faɗa, ki je shafinta ki duba. Labarin da ya kai a ce kowa ya sani, ba zai ɓuya wa rediyo ba. WhatsApp ma tana sa kibiya biyu a kan saƙon da ya bi hannaye da yawa.

Ita kuwa Gwaggo, kada ki ƙaryata ta a zauren dangi gaban yara. Ba za ta ji daɗi ba, kuma ba za ta daina ba. Ki kira ta gefe, ki gode mata da kulawa, ki ce kin bincika kin ga an taɓa yaɗa wannan shekarun baya. Ki roƙe ta ta riƙa turo miki ke kaɗai tukuna ki duba mata. Yawancin dattawa na karɓar wannan, don an ba su girmansu.

Sai fayilolin da ake liƙowa a imel, inda cutar gaske take. A watan Mayun 2000 wata cuta da ta fito daga Manila ta ƙasar Filifin ta mamaye miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Saƙon yana zuwa ne daga wanda ka sani, da fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Windows na ɓoye wutsiyar ƙarshe ta sunan fayil, sai mutane suka ga kamar rubutu ne kawai. Har yau Windows na zuwa da wannan ɓoyon, don haka ki sa a kunna miki nuna wutsiyar fayil. Abin da ya ƙare da exe ko scr ko vbs ko js, manhaja ce mai aiki, ba takarda ba. A wayar Android kuma apk ne, akan turo shi da sunan katin gayyatar biki ko fom ɗin tallafi. Takardar Word ko Excel da ta ce sai kin kunna wani abu kafin ta nuna rubutunta, rufe ta. In fayil ya zo daga wanda kika sani amma ba ki sa ran sa ba, kira shi ki tambaya.

Game da kwamfutar gida, abin da na fi matsa wa mutane a kai shi ne raba ɗaki. Ki buɗe wa yara nasu asusun a kwamfutar, wanda ba shi da ikon saka manhaja sai da izininki. Yawancin kwamfutocin gida da ake kawo mini sun kamu ne ta wasannin bulus da manhajojin sata da yara ke saukewa, ko ta filashin da aka kai shagon buga takardu aka dawo da shi. Windows na zuwa da nata maganin cutar, Defender, kuma ya wadatar wa gida in ana barinsa ya sabunta. Na san data na da tsada, shi ya sa mutane ke kashe sabuntawa, amma ki ware daren da kike da garaɓasar data ki bar ta ta yi. Cutar WannaCry da ta tsayar da asibitoci a Ingila a Mayun 2017 ta bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ta riga ta fitar da abin toshe ta tun watan Maris. Ki kuma duba wace Windows gare ku: an daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025. Kwamfutar da ke kan 7 ba ta dace da harkar banki ba.

Kalmar sirrin imel ɗinki ta zama daban da ta ko'ina, don ta imel ake sake saita sauran duka. Doguwa ta fi mai wuyar haddacewa. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi sunan ɗanki da shekarar haihuwarsa. Rubuta ta a littafi ki adana a ɗaki ba laifi ba ne. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail da Facebook. Na'urar Wi-Fi ko MiFi ɗinku, a canza kalmar da ta zo da ita daga kamfani. Hotuna da takardun makaranta, a riƙa kwafe su a wani faifai daban da ba ya zama a jone, don wutar NEPA ma kaɗai ta isa ta cinye su. In za ki tura imel ga mutane da yawa da ba su san juna ba, ki sa adireshinsu a layin Bcc don kada ki raba wa kowa adireshin kowa.

Abu ɗaya da ake mantawa shi ne layin waya. Wanda ya sace wayarki ba lallai wayar yake so ba. Zai cire layin ya sa a wata, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinki, saƙonnin banki kuma su riƙa shigo masa. Ki sa wa layin kansa lambar sirri a cikin saitin waya, amma ki nemo lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo da shi ki ajiye kusa, don in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle.

Idan kuma wata rana wani a gidan ya riga ya latsa ya zuba bayanai, ba lokacin faɗa ba ne. Yaron da ya san duka zai sha, ɓoyewa zai yi har kuɗin su gama fita. A kira banki nan take a toshe kati da asusu. Yawancin bankuna na da gajeriyar lambar da ake dannawa ko daga wayar wani ne, ki nemi ta bankinki ki rubuta tun yanzu. A canza kalmar sirrin imel daga wata na'urar daban, a sanar da dangi kada su tura wa kowa kuɗi da sunanku. A adana saƙon da shaidar fitar kuɗin, a kai ƙara banki a rubuce, sannan EFCC ko sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet. Bayan kwana biyu wataƙila wani ya kira ya ce shi jami'i ne, zai dawo muku da kuɗin in kun biya na aiki. Su ne dai suka sake dawowa, a kashe wayar.